Jama'a ku yi hattara da mai sayar da faifan fim ɗin nan, ya ci min 38,500

Wallahi tun shekaranjiya nake rubuta wannan abin ina gogewa saboda kunya, amma na ga in na yi shiru wani bawan Allah ne zai faɗa ramin da na faɗa. Naira 38,500. A wannan marrar da mutum yake lissafin kuɗin cefane kafin ya fita daga gida, na ɗauki 38,500 da hannuna na tura wa wani ɗan damfara a kan faifan fim guda biyu, ba wanda ya tilasta ni, ni na kai kaina har ina yi masa godiya.

Kuma kafin wani ya zo yana cewa ai kai ka so, wa yake sayen faifai a zamanin nan da ake tura fim a waya a naira 100, ku tsaya ku ji. Duk wanda ya san ni ya san ina tara faifai, ba yau na fara ba, kuma fina-finan ban tsoro su ne abina. Akwai wani fim da nake nema shekara da shekaru, The Serpent and the Rainbow, na 1988, wanda Wes Craven ya ba da umarni. Na fara ganinsa ne muna yara a kaset ɗin bidiyo a ɗakin wani yayanmu, ana daidai wurin da aka saka jarumin a akwatin gawa da ransa aka jefa masa ƙaton gizo-gizo a ciki aka fara zuba ƙasa, sai aka ɗauke wuta, washegari aka mayar da kaset ɗin wurin haya. Tun daga ranar ban ga ƙarshensa ba. Na sha samunsa a wurin masu turi amma hoton dishi-dishi, kuma kusan rabin fim ɗin da daddare ne, a maƙabarta, da hasken kyandir, in hoto ba garau ba to baƙin allo kawai kake kallo kana jin ihu. Shi ya sa na rantse ba zan ƙarasa shi ba sai a Blu-ray na asali.

To shi wannan mutumin a wani zauren masoya fim na Facebook na gan shi. Yana saka hotunan faifai jere a kanta, wai daga Amurka ake kawo masa, shi yana Legas. Na yi masa magana ta inbos, ya ce mu koma WhatsApp. Wallahi abin da ya ci ni kenan, yadda ya san fim ɗin. Ina faɗar suna ya turo saƙon murya, "Allah ya taimaki babban yaya, ai wannan fim ɗin sai manya irinku", ya fara zuba, wai Bill Pullman ne jarumin, an tura shi Haiti ya nemo hodar da bokaye suke mayar da mutum zombi da ita, wato kamar gawa mai tafiya, mugun kuma Zakes Mokae ne ɗan Afirka ta Kudu, a fim ɗin shi ne shugaban 'yan Tonton Makut, dakarun gwamnatin Haiti na wancan lokacin. Duk gaskiya ne. Har ya san cewa daga littafin Wade Davis na 1985 aka ɗauko labarin, da zancen Clairvius Narcisse, mutumin Haiti ɗin nan da asibiti ya tabbatar ya mutu a 1962 aka binne shi, sai ga shi ya dawo garinsu a 1980 yana cewa an tono shi ne aka sa shi bauta a gona. Ni ma na karanta wannan, na san Davis cewa ya yi gubar wani kifi mai kumbura ake sakawa a hodar, tana sandarar da mutum har a ɗauka ya mutu, kuma masana da yawa ba su yarda da shi ba. Muka yi kusan awa guda muna wannan hirar. Don Allah ku gaya min, ɗan damfara ne zai zauna yana yi maka hirar gubar kifi? Wa zai kawo haka a ransa?

Babban yaya. Har yanzu kalmar nan tana min yawo a ka. Na sake sauraren saƙon ya fi sau 20, ina neman inda muryarsa ta nuna ƙarya, wallahi babu, har da dariyarsa.

Kuma ba wai ban yi tambaya ba fa. Na yi. Na san faifan Blu-ray na Amurka na yankin A ne, mu nan Afirka yankin B muke, sau da yawa in ka saka na can a na'urar nan ba zai buɗe ba. Na tambaye shi wannan, ya ce nasa ba a kulle yake ba, ko'ina yana yi. Na ce ya ɗauko min bidiyon faifan a hannunsa, ya turo, ga kwali ga leda ba a ɓare ba. Sai yanzu da na zauna na duba na lura hannun da ke riƙe da kwalin ma fari ne tas, bidiyon wani Bature ya sato. A lokacin idona yana kan kwalin.

Kuɗin ma ba a tashi ɗaya ya karɓa ba, shi ya sa ban ji zafin ba sai da na haɗa lissafi. 20,000 na fim ɗin. Sai ya ce akwai wani da ya kamata in haɗa, White Zombie na 1932, na Bela Lugosi wanda ya fito a Dracula, shi ne ake cewa fim ɗin zombi na farko, shi ma a Haiti labarin yake, wai an wanke hoton an gyara sauti, saura ɗaya ya rage masa, zai bar min a 7,000 don ni ne. Na tura 27,000 ranar Talata. A'a, Litinin ce da daddare, don na tuna maman yara tana tambayata alat ɗin mene ne ya shigo na ce mata kuɗin gyaran mashin ne, Allah ya yafe min. Talata ce ya ce 3,500 kuɗin mota. Sai ranar Alhamis ya kira ni da kansa, murya a raunane, wai kayan sun maƙale, sai an biya 8,000 kafin a sake su, shi ya biya na sauran mutane nawa ne kawai ya rage, in ban yarda ba zai mayar min da kuɗina yanzu-yanzu. Wannan "zan mayar maka" ɗin ita ta ƙarasa ni. Na ce haba malam, ai ba a haka tsakaninmu, na je wurin mai POS na tura. Mutumin da ya ce min kaya suna kantarsa a Legas, me ya kai su maƙalewa kuma? Ban tambaya ba. 20,000 da 7,000 da 3,500 da 8,000, ku haɗa, 38,500.

Abin mamaki saƙon ya zo fa. Da bai zo ba ma da ya fi min sauƙi. Na je tasha na karɓo a hannun yaron mota, an naɗe shi da salatif kamar wani abin kirki, na sayo tsire na kira ƙanina na ce yau za ka ga fim, na zuba mai a janareto don kar a maimaita min ta yarinta. Ina buɗewa na ga kwalin baƙi ne irin na DVD ɗin da ake sayarwa a baro, hoton gaban an buga shi a takardar firinta har tawada tana kama yatsa. Na juya faifan, ƙasansa shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, irin wanda ake sayowa fanko a ɗora abu a kai. Duk da haka ina ba kaina haƙuri. Ƙanina ne ya karɓa bai ce komai ba ya saka shi a tsohuwar DVD ɗin yara, sai ga shi ya kama. Ya juyo ya ce "Yaya, Blu-ray ai ba ya yi a wannan." Na san haka. Ni na koya masa ma.

Hoton kuwa, inna lillahi. Daga tsohon kaset aka kwafo shi, har layin nan da yake rawa a ƙasan allo yana nan, an yanke gefe da gefe ya zama murabba'i, in mutum biyu suna magana ɗaya rabin fuskarsa kake gani. Wurin bikin tsafin budu da ake kiɗa ana rawa da wuta, wanda shi na fi son in gani da kyau don na taɓa zuwa Kwatano na ga yadda abin yake da ƙarfi a can, ai daga wannan yankin na Dahomey bayi suka tafi da shi Haiti, to wurin nan gaba ɗaya jan dishi ne da baƙi, kamar ka kalli gobara ta cikin leda. Baki yana motsi, magana sai ta biyo baya. Na saka a kwamfuta na duba, abin da ke ciki ko 1GB bai kai ba, alhali faifan Blu-ray mafi ƙanƙanta 25GB yake ɗauka. Kuma fim ɗin minti 98 ne, nasa a minti 81 ya tsaya cak ya koma farko. Wallahi tallahi ƙarshen babu. Na zauna ina kallon allo, janareto yana ta shan mai, tsire ya huce.

Na biyun kuma, na 7,000 ɗin, wanda wai saura ɗaya. Ƙanina ya ɗauki wayarsa ya rubuta sunan a YouTube, ga shi nan kyauta, cikakke, don fim ɗin ya daɗe da zama na kowa, duk wanda ya ga dama yana kwafa ya sayar, shi ya sa munanan kwafinsa suka yi yawa. Na YouTube ɗin ma ya fi nawa kyau. Akwai wurin da zombi suke juya injin matse rake ɗaya ya faɗa ciki sauran ko waiwaye ba su yi ba, a nawa faifan sai ƙarar injin kawai, shi ma da shuuu a kai kamar ana ruwan sama a kwano.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar Juma'a kafin kayan su iso ya daina ɗaga waya, na ce ƙila masallaci ya tafi. Da na tura masa hoton faifan ya buɗe ya gani, bai amsa ba, can sai ya turo "yi haƙuri babban yaya, yarana ne suka yi kuskuren kwali, turo 4,000 a sake aiko maka." Na ce Allah ya isa. Ko minti biyu ba a yi ba hotonsa ya ɓace, ya yi min bulok. Na je banki, an ba ni fom na cike, sunan da ke kan akawun ɗin ma na mace ne, ba wanda ya gaya min ba, kuma na ga hakan tun ranar Litinin ɗin, ya ce na matarsa ne, na ce Allah sarki.

Ina da komai, rasit guda uku, saƙonnin murya, bidiyon hannun Baturen, hoton ƙasan faifan. Zan saka sikirinshot anjima in na rufe sunan matar, don ban sani ba ko ita ma amfani da ita yake. Kar ku tura kuɗi sai kaya sun zo hannu, ku sa ya rubuta sunanku a takarda ya ɗora a kan faifan ya juya ƙasansa a bidiyo, shi kenan.

Maman yara har yanzu ta ɗauka mashin aka gyara, jiya ma take cewa ai ƙarar tana nan. Kuma ɗazu wani abokina ya turo min, mutumin ya canja suna ya koma wani zauren, hotunan kantar nan dai su ne, ya sake saka fim ɗin nawa a 20,000, ya rubuta wai saura ɗaya.