Filawud ko farantin ƙarfe: wanne ya fi dacewa da tagar da aka fasa da ƙofar da aka ɓalle?

Malam, ka ce ɓarayi sun fasa babbar tagar gilashin shagonka da daddare, sun kuma ɓalle ƙofar baya, mai gilashi ya ce sabo ba zai samu ba sai bayan kwanaki, kana so ka sani ko kafinta za ka kira ya rufe wurin da filawud ko kuwa mai walda ya sa farantin ƙarfe. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. A ganina, idan jiran na kwanaki ne ko makonni kaɗan, filawud mai kauri ya ishe ka, amma idan ginin zai daɗe babu kowa a ciki ƙarfe ya fi. Sai dai akwai abin da ya fi wannan zaɓi muhimmanci, shi ne yadda za a ɗaure abin a jikin ginin, domin ɓarawo ba ya ɓata lokacinsa wajen huda tsakiyar allo, gefe yake nema inda zai cusa ƙarfe ya ɓanɓare.

Kafin a taɓa komai, ka ɗauki hotunan ɓarnar ciki da waje, ka sanar da 'yan sanda, idan kuma kana da inshora ka kira kamfanin, ka ajiye rasidin duk abin da ka kashe wajen rufewar. Yawancin yarjejeniyoyin inshora suna ɗora wa mai dukiya nauyin hana ɓarnar ƙaruwa, saboda haka barin tagar a buɗe har ruwa ya shiga ko a sake sata yana iya jawo gardama a kan diyya. Jinkirin mai gilashin ma yana da dalili: gilashin da aka gasa domin ya yi ƙarfi, wanda idan ya fashe yake zubewa ƙanana-ƙanana, ba ya yankuwa bayan gashi, dole sai an auna an yi odarsa daidai girman tagar. Gilashi na gama-gari kuwa yana fashewa ne dogo-dogo da kaifi, kuma guntayen da suka maƙale a saman firam su ne mafi haɗari, don haka daga sama ake fara cirewa, da safar hannu mai kauri da tabarau na kariya da takalmi rufaffe.

Babbar fa'idar filawud ita ce sauri. Cikakken allo yana da tsawon santimita 244 da faɗin 122, kafinta na iya yanka shi a wurin da zarto, ya gama rufe taga cikin ɗan lokaci ko da dare ya yi. Ƙarfinsa ya fito ne daga yadda ake haɗa shi: siraran katakai ne ake manna su da gam, kowanne zarensa ya gitta na ƙasansa, shi ya sa ba ya tsagewa a tsaye kamar falankin katako idan an dake shi. Amma kauri yana da iyaka da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba. Kundin ƙa'idar kula da gine-gine da hukumomi da yawa a Amurka ke aiki da shi ya sa mafi ƙaranci rabin inci, wato milimita 12.7, ni kuwa ga shago mai kaya a ciki ba zan yarda da ƙasa da milimita 18 ba, kuma ya zama irin da aka yi don waje, wanda gam ɗinsa ke jure ruwa. Allo ɗaya mai wannan kauri yana kai kimanin kilo 30, wato ba aikin mutum ɗaya ba ne, musamman idan za a hau tsani ko ana iska.

A nan sai ka lura da abin da za a kawo maka, domin ba duk faffaɗan allo ne filawud ba. Akwai wanda ake yi da dusar katako ko garinsa don kabad da tebur. Wannan da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje, sukuru kuma ba ya kama shi da kyau, bai dace da wannan aiki ba sam. Akwai kuma allon da ake kira OSB, wanda ake gane shi da manyan ɓarɓashin katako a fuskarsa. Yana da ƙarfi yayin da yake a bushe, ana iya maneji da shi na ɗan lokaci, amma gefunansa suna kumbura idan sun jiƙe kuma ba sa komawa yadda suke, alhali a gefunan nan ne sukurori suke.

Ƙarfe ya fi filawud a wurare uku da babu jayayya a kansu. Ba ya cin wuta, wanda babban al'amari ne ga ginin da aka bari babu kowa, inda allon katako kansa yake iya zama makamashi ga mai son cinna wuta. Ba a yanka shi da zarton hannu cikin shiru, sai an kawo injin yanka mai ƙara da tartsatsi, wanda zai tashi maƙwabta. Sannan damina da rana ba sa lanƙwasa shi ko ɗaye shi, muddin an yi masa fenti don tsatsa. Kamfanonin da wannan ce sana'arsu suna amfani da faranti mai ƙananan huji-huji, wanda ke barin iska da ɗan haske su shiga, kuma wannan yana rage danshi da fumfuna a ɗakin da zai yi watanni a rufe. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ƙarfe yana da nauyi, domin farantin milimita 2 mai girman allon da na ambata ya haura kilo 45, yana bukatar awo da yanka na musamman, yana kuma cin kuɗi fiye da katako. Idan aka ce za a yi walda a jikin tagar, tartsatsin yana iya kama labule ko kwali ko kayan da ke kusa, yana kuma ɓata sauran gilashin da bai fashe ba, sannan ranar da sabon gilashi ya iso sai an sake kiran mai walda ya yanke abin da ya haɗa. Kada kuma a ruɗe ka da kwanon rufi a ce ai shi ma ƙarfe ne: siriri ne, almakashin ƙarfe yana yanka shi, ƙusa kuma tana zarewa daga jikinsa da ja ɗaya, ruwa da idon masu wucewa kawai yake tarewa.

Mu koma kan ɗaurin, wanda nake ganin nan ne aikin yake lalacewa ko ya yi kyau. Hanya mafi rauni ita ce a kafa allon da ƙusa daga waje, domin abin da guduma ta shigar, guduma tana fitar da shi. Sukuru ya fi ƙusa riƙo, amma idan kansa na waje kuma irin na kowa da kowa ne, duk mai sukundireba zai kwance shi a tsanake. Hanyar da ta fi duka ƙarfi ba ta dogara da firam ɗin tagar ba ma. Ana sa allon a waje, a sa katakai biyu masu kaurin inci 2 da faɗin inci 4 a kwance ta ciki, ɗaya wajen sama ɗaya wajen ƙasa, kowanne ya fi faɗin tagar tsawo har ya hau bango hagu da dama. Sai a huda allon da katakan, a zura dogayen kusoshi masu noti, irin masu kai mulmulalle wanda sifana ba ta kamawa, kan yana waje, washa da noti suna ciki. Idan aka ɗaure, allon da katakan sai su matse bangon a tsakaninsu, kuma babu abin da mutumin waje zai kwance. Kundin da na ambata ya tanadi wannan hanya, da kusoshi masu kaurin milimita 9.5. Wata fa'idarta ita ce ba ta barin huji a firam, wanda ke da amfani ƙwarai idan tagar ta alminiyom ce ko ta roba, domin waɗannan ba sa riƙe sukuru sosai, hujin da aka yi musu kuma ba ya gyaruwa. Sharaɗinta ɗaya ne: dole a samu hanyar da kusoshin za su ratsa, wato gilashin ya riga ya fita ko tagar tana buɗuwa.

Inda hakan bai yiwu ba, sai a duba bangon. Idan ramin tagar yana da zurfi, gara a yanka allon ya shige cikinsa cif-cif, ta yadda babu bakin da ƙarfen ɓanɓara zai samu ya shiga. Idan kuma dole ya hau kan bango, a bar rarar kimanin santimita 10 kowane gefe, a huda bulo ko kankare a sa kusoshin bango, tazarar kimanin santimita 30 tsakaninsu, a kuma nisanci bakin bulon don kada ya ɓare. Tagar shago takan fi allo ɗaya faɗi, kuma mahaɗar alluna biyu ita ce raunin aikin, saboda haka sai an sa katako a bayan mahaɗar daga sama har ƙasa an ɗaure kowane allo a jikinsa. Wannan duka ya shafi ƙarfe kamar yadda ya shafi katako: faranti mai kauri da aka maƙala da sukurori huɗu a tsohon firam bai kai filawud da aka ɗaure ta ciki tsaro ba.

Ƙofar bayan taka lamarinta daban ne, kuma ita ta fi damuna, domin ɓarawon da ya shiga ta nan ya riga ya san hanyar. Idan aka ɓalle ƙofa da duka ko da ƙarfe, galibi ba ƙyauren ne ke karyewa ba, firam ne ke tsagewa a daidai inda harshen makulli yake shiga, saboda gajerun sukurori ne ke riƙe da ɗan ƙarfen wurin. Don haka manna allo a fuskar ƙyaure ba tare da gyara firam ba aikin banza ne. Idan ba za a riƙa bi ta ƙofar ba, a rufe ta, a gitta mata katakai ko ƙarfe ta ciki, a ɗaure da bango. Idan kuwa ana bukatarta, a ƙarfafa firam ɗin da dogayen sukurori na kimanin santimita 7 ko 8 da za su kai ga abin da ke bayansa, a lulluɓe ƙyauren da filawud, a sa maƙalar kwaɗo da kusoshi masu noti ta ciki, ba da sukurorin da ake gani daga waje ba. A nan kam, idan da hali, ƙofar ƙarfe ta wucin gadi ta fi kowane gyaran katako, kuma babu laifi ka raba aikin: filawud a taga, ƙarfe a ƙofa.

Akwai abu na uku da ba ka ambata ba, wato faffaɗar roba mai haske kamar gilashi da ake kira folikabonet. Tana da wuyar fashewa, ba ta ruɓewa, kuma daga nesa ginin ba ya nuna alamar an yasar da shi. Wannan ne ya sa a shekarar 2017 jihar Ohayo ta Amurka ta hana amfani da filawud wajen rufe wasu gidajen da aka bari babu kowa saboda bashin banki, bisa hujjar cewa gida mai alluna yana jawo masu ɓarna yana kuma zubar da darajar unguwa. Amma tana da tsada, tana karcewa, tana ƙara faɗi idan ta ji zafi, don haka sai an yi hujin kusoshinta da ɗan yalwa, kuma ga shago tana nuna kayan da ke ciki ga duk mai wucewa. Ga jiran kwanaki ban ga dalilin sayenta ba. Leda da tamfol kuwa na tare ruwa ne kawai kafin kafinta ya iso, gitta salatif a kan gilashi ma ba ya ƙara masa ƙarfi.

Abin da ba zan so a yi sakaci da shi ba shi ne rai. Idan akwai mai kwana a ginin, ko maigadi ne ko yaron shago ko iyali a sama, kada a toshe kowace mafita, kuma kada a rufe tagar ɗakin kwana da abin da na ciki ba zai iya cirewa cikin duhu da hayaƙi ba. Ƙarfin da ke hana ɓarawo shiga shi ne kuma zai jinkirta 'yan kwana-kwana, kuma a wannan fuska ƙarfen da aka yi wa walda ya fi filawud haɗari nesa ba kusa ba. Haka nan ɗakin da aka toshe tagoginsa ba a kunna janareta ko garwashi a cikinsa, domin iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashewa mutum yana barci.

Game da ko za ka yi da kanka, ƙaramar taga a ƙasa mutum biyu masu injin huda da zarto za su iya. Babbar tagar shago da har yanzu gilashi ke rataye a samanta, ko taga a bene, ko bangon da wayar lantarki ke bi ta cikinsa, waɗannan a bar wa masu sana'ar, ka kuma tsaya a wurin ka ga irin ɗaurin da za su yi, ka tambaye su tun farko ko kuɗin ya haɗa da cirewa. Ka sa mai gilashi ya gama awonsa kafin a rufe, don kada a kwance aikin washegari. Idan jiran ya wuce mako biyu, a shafa wa allon fenti har gefunansa, a kwashe kaya masu tsada daga kusa da tagar, a bar fitilar waje a kunne, sannan a riƙa duba notocin lokaci-lokaci, domin katako yana motsawa da jiƙa da bushewa, ɗaurin da ya yi tam a ranar farko yakan saki bayan ruwan sama.