Cibiyar sauraron mata a Maradi: aikinsu na da kyau, bencin ƙofa ne matsalar

Wata ungozoma ce maƙwabciyarmu ta nuna mini wurin, ganin halin da ɗiyar yayana ke ciki. Daga wani ƙauye na yankin Madarunfa ƴan bindiga suka kwashe su, sai da aka sayar da shanu aka fanso ta. Da ta zo hannuna ba ta barci, kuma da ta ji ƙarar babur sai ta faɗa ɗaki ta turo ƙofa. An yi tofi, an sha rubutu, dangi kowa na cewa iska ce.

Cibiyar ta wata ƙungiya ce, kuma kyauta suke aiki. Irinsu sun ƙaru tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Yanzu namu ma na wannan gefen iyaka sun shiga layi.

Madam ɗin da ta karɓe mu ta san aikinta. Tambayarta ta farko ita ce: "Ɗiyata, ina kike so ki zauna?" Yarinya ta zaɓi tabarma, ta jingina da bango tana fuskantar ƙofa, sai Madam ta bar kujerarta ta sauko ƙasa ita ma. Ta tambaye ta ko in zauna ko in fita. Ba ta ce "ba ni labari" ba. Maganar barci suka yi, da abinci, da wanda take jin daɗin zama kusa da shi. Ta koya mata in firgitar ta taso ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta ja numfashi a hankali, ta ambaci abubuwa biyar da idonta ke gani. Na raina abin, wallahi, sai ga shi cikin dare ina jiyo ta tana cewa "buta, fitila, labule".

Ni ma ba ta ƙyale ni ba. "Hajiya, kada ki titsiye ta da tambaya, kada a ce mata ta manta. In ta yi magana ki saurara, in ta yi shiru ki bar ta." Ba ta kushe malamai ba, ta ce a ci gaba da addu'a, sai dai kada a tara mata jama'a ana ruƙiyya a kanta. Maganar jandarma kuwa ta ce sai abin da yarinya ta yarda da shi.

Ta tura mu asibiti gwajin jini. A nan na ji abin da ya kamata kowace uwa ta sani: macen da aka yi wa fyaɗe, maganin kare ta daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Tamu ta daɗe da wuce wannan, amma Allah Ya tsare.

To, sai laifinsu. Bencin jira yana bakin titi, ga allo da sunan ƙungiya a sama. Duk wanda ya wuce ya san abin da ya kawo ki, Maradi kuwa ba a ɓoye magana. Mai gadi ya ɗaga murya: "Wajen Madam kuka zo?" Wata da muka tarar ta ja mayafi ta tafi, ba ta shiga ba. Ga fili a bayan gidan, katangar zana kawai zai ci. Masu sauraro mata biyu ne rak, shi ya sa ake ɗage rana, kuma gajiya a bayyane take a fuskarsu. Magani ke za ki saya a farmasi. Mu da ba ma iya hawa kabu-kabu, kuɗin adaidaita ya ci mana jikkuna.

Yarinya ta fara fita ɗebo ruwa, babur dai har yanzu da saura. Wadda za ta kai tata, ta je da sassafe kafin titi ya cika, ta roƙi a shigar da su ciki su jira.