Wata bakwai ina zuwa zaman AA: yadda na same shi

Tasi nake tuƙawa a New York, kuma a Bronx nake zaune, inda in ka tsaya bakin masallaci bayan Juma'a za ka ji Hausar Kumasi da ta Yamai kamar kana zango. Daɗin wurin ke nan, kuma shi ne ya hana ni neman taimako kan shan giya shekara huɗu. Mutum ya yi tari a nan, kafin la'asar an ji a gida. Sai na ajiye mota da dare nake sayen ƙaramar kwalba, in shanye a tsaye, in bi da cingam.

Da azumin bara na ce na daina, lokaci ɗaya. Kwana na biyu hannuna ya hau karkarwa, gumi kamar an watsa mini ruwa, sai asibiti. A can likita ya ce wanda jikinsa ya saba da giya sosai, in ya yanke farat ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga ko ya ruɗe, har ta kai ga rasa rai. Wannan ya kamata kowa ya sani kafin ya nemi wata ƙungiya. Da za a sallame ni, wata nas ta ce in sauke manhajar Meeting Guide, mai hoton kujera. Kyauta ce, tana nuna zaman AA da ke kusa da kai da lokacinsa, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina giya. Ni kuwa na zaɓi mafi nisa, a Queens, don kada wani namu ya gan ni.

A ɗakin ƙasa na wani coci ake yi. Na fi minti ashirin a mota ina tambayar kaina me ya kawo ɗan Musulmi nan da dare. Da na shiga, kujeru ne masu naɗewa, da tukunyar kofi mai ɗaci, da mutum kamar ashirin. Ba rajista, ba a tambayar sunan mahaifi, ba kuɗin shiga, sai ɗan kwando da ake zagayawa da shi, mai dala ɗaya ya saka, marar shi ya miƙa gaba. Kowa ya faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne, ya yi maganarsa. Ba mai katse shi, ba kuma mai yi masa wa'azi in ya gama. Wata dattijuwa ta ba da labarin yadda take ɓoye kwalba cikin injin wanki, ɗakin ya kwashe da dariya, har da ni. Tawa a bayan tayar safaya take.

Mashaya biyu ne suka kafa Alcoholics Anonymous a 1935 a Akron ta jihar Ohio, Bill Wilson da wani likitan tiyata, Bob Smith, bayan sun lura cewa mashayi ya fi jin maganar ɗan'uwansa mashayi. Matakai 12 suke bi, kuma da yawa cikinsu maganar Allah ce, yadda kowa ya fahimce shi. Nan na ɗan tsaya. Na je wurin Malam na ce wani abokina ne ke tambaya. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Ka gaya wa abokin naka neman magani ba laifi ba ne, ya dai riƙe sallarsa.” In sun riƙe hannu suna addu'ar Kirista a ƙarshe, sai in yi shiru in yi istigfari, ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira. Daga baya na ji labarin Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989 bisa irin wannan tsari.

Ba komai ne ya yi mini ba. Turancinsu na titi ne, da sauri, rabi yana wuce ni. Akwai masu riƙe magana kamar sun samu lasifika. Shawarar da suke ba sabon shiga, zama 90 a kwana 90, ga direba asarar kuɗin ciniki ce, ban iya ba. Wani rukuni kuma da na gwada, tsofaffin ciki sun haɗe kansu, ko sannu ban samu ba, ban koma ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne sifonsa, wato wanda ya riga ka dainawa, yake kama hannunka. Nawa tsohon direban bas ne. A mako na shida, ƙarfe biyun dare, na kira shi ina tsaye ƙofar shagon giya. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko na ci abinci. Na ce a'a. Ya ce in je in ci, in sake kiransa, kuma kada in yi masa alkawarin gobe, yau kaɗai yake so. Shinkafa da kaza na saya a wurin masu keken halal, na kira shi bakina cike.

Kwabon shaidar wata shida ba giya da suka ba ni yana aljihuna tare da makullin mota. Mataki na tara, na neman gafarar waɗanda ka cutar, shi ne ban kai ba. Maiɗakina har yanzu ta ɗauka daren Talata filin jirgi nake zuwa ɗaukar fasinja.