Kyanwar batir ta Joy for All: wane tsoho take yi wa amfani, wane ne kuma ba ta yi wa

Kyanwar da kamfanin Ageless Innovation na Amurka yake sayarwa da sunan Joy for All ba ta cin abinci, ba ta kama ɓera, ba ta kuma iya tashi daga inda aka ajiye ta, amma kuɗinta a can yana kaiwa tsakanin dala 120 zuwa 150, wanda idan aka juya shi zuwa naira aka haɗa da kuɗin kawowa zai haura dubu 200. Wannan ya kusa albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci, tun da mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne. Saboda haka duk wanda zai sayi irin wannan abu domin mahaifiyarsa, ko domin wani gidan kula da tsofaffi a Kaduna, yana da haƙƙin ya san abin da kuɗinsa zai sayo masa. Hukuncina a taƙaice shi ne kyanwar tana aiki, amma ga wani rukuni ƙarami na tsofaffi, kuma da sharaɗin akwai mutum a kusa da zai zauna da su.

Na san ta ne a wani ƙaramin gida da wata ƙungiyar taimakon juna take kula da tsofaffi a cikinsa a nan garin, inda nake zuwa taimakawa, bayan da wata 'yar ƙungiyar da ke zaune a ƙasar waje ta aiko da guda ɗaya. Irin waɗannan gidaje ba su da yawa a wurinmu, domin har yanzu abin kunya ne a ji cewa mutum ya kai uwarsa ko ubansa wani wuri baƙi su kula da shi. Sai dai akwai waɗanda ba su da mai jin kunyar a madadinsu: tsohuwar da mijinta ya rasu ba ta taɓa haihuwa ba, tsohon ma'aikacin masaƙun Kakuri da ya zo Kaduna yana saurayi, masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, 'ya'yansa suka bazu neman abinci, da kuma waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma a zahiri ƙungiyoyin addini da masu hali ne suke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Ita kanta kyanwar, kamfanin kayan wasa na Hasbro ne ya fara fito da ita a 2015, ya biyo da ɗan kwikwiyo a 2016, daga baya a 2018 wasu tsofaffin ma'aikatansa suka karɓi harkar suka kafa Ageless Innovation. Girmanta na kyanwar gida ne da ta kwanta ta miƙe ƙafafun gaba, gashinta na roba ne mai laushi, kuma a cikin jikinta akwai na'urorin da suke jin taɓi a kai da kumatu da baya da ciki. Idan aka shafa kumatunta tana juyo da kai tana goga shi a hannun mutum, tana buɗe ido tana lumshewa, tana ɗaga hannu kamar za ta lashe shi, tana kuka irin na mage. Idan aka ci gaba da shafa bayanta sai ta birkice ta ba da ciki. Abin da ya fi kama da gaskiya a jikinta shi ne gurnanin da take yi, domin ba sauti kaɗai ba ne, mutum yana jin kaɗawarsa a tafin hannunsa da kan cinyarsa. Idan aka ƙyale ta na ɗan lokaci sai ta yi shiru kamar mai barci, har sai an sake taɓa ta. Rashin tafiyarta da gangan aka yi shi, kuma daidai ne, domin abin da yake yawo a ƙasa yana iya harɗe ƙafar mai dogara sanda.

Waɗanda ta fi yi wa amfani su ne masu gigin tsufa, wato waɗanda likitoci suke cewa suna da cutar mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne suke fama da wannan lalura, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki irin namu, inda sau da yawa ake ɗaukar abin a matsayin tsufa kawai, wani lokaci ma a jingina wa tsohuwa maita. Duk wanda ya taɓa jinyar irin waɗannan bayin Allah ya san cewa daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba ne hankalinsu ya fi tashi: wata ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gida ta ɗora tuwo, wani ya yi ta neman ƙofa, wata ta yi ta tsinkar bakin zaninta tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe a kabari. A irin wannan lokaci ne na ga amfanin kyanwar a fili. Akwai wata dattijuwa da ba ta cika magana ba, wadda idan wannan hali ya taso mata ba a iya zaunar da ita, sai mai jinya ta ɗora mata kyanwar a cinya ta ce, "Inna, ga baƙuwarki ta zo, ki ɗan riƙe min ita in kawo miki kunu." Hannun da yake tsinkar zani sai ya koma shafa gashi, kuma idan kyanwar ta birkice, dattijuwar takan yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki da kunya." Daga nan hira take buɗewa, ta shiga ba da labarin magen da take da ita a gidan aurenta na fari, da yadda take hana ɓeraye shiga rumbu. Mai jinyar ce take jan hirar da tambayoyi, kuma duk ranar da aka ajiye mata kyanwar aka tafi wani aiki, ba a daɗewa take ture ta gefe ta koma neman ƙofa.

Wannan abin da na gani bai saɓa wa binciken masana ba. Mafi shahara a cikin irin waɗannan dabbobi na inji shi ne Paro, wanda injiniyan Japan Takanori Shibata ya fara aiki a kansa a 1993, ya ba shi siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi, domin mutane ba su saba da ita ba balle su kwatanta ta da ta gaske su ga aibi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin kayan jinya a 2009, kuma kuɗinsa yana kusan dala 6,000. A 2017 Farfesa Wendy Moyle ta Jami'ar Griffith a Ostareliya da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi a gidajen kula da tsofaffi 28, da mutum 415 masu cutar mantuwa, waɗanda aka raba kashi uku: wasu aka ba su Paro yana aiki, wasu aka ba su shi an kashe injinsa ya zama 'yar tsana kawai, wasu kuma aka bar su da kulawar da aka saba. Masu Paro mai motsi sun fi kallonsa da yi masa magana, sun kuma fi waɗanda ba a ba komai ba nuna farin ciki, amma 'yar tsanar ma ta yi wani ɓangare na aikin, kuma a ma'aunin tashin hankali da ma'aikata suke cikewa ba a ga bambanci tsakanin rukunonin ba. Darasin da mai saye a Kaduna zai ɗauka a nan na kuɗi ne: babu dalilin da gida mai neman kuɗin magani da abinci zai yi mafarkin Paro, kuma kafin a sayi kyanwar Joy for All ma, yana da kyau a fara gwada tsohon da 'yar tsana mai laushi ta kasuwa a ga ko yana karɓar irin abin. Hukumar kula da tsofaffi ta jihar New York, wadda ta fara raba waɗannan dabbobi a 2018 kuma ta raba fiye da 30,000, mai arahar ta zaɓa.

Akwai kuma waɗanda ba ta yi musu komai ba, har ma ta ɓata musu rai. Wani dattijo mai cikakken hankali, wanda ƙafafu ne kawai suka gaza masa, ya dube ta ya dubi mai jinyar ya ce, "'Yata, ni yaro ne da za a kawo min abin wasa? In kuna son faranta min, ku saya wa rediyona batir." Gaskiya ya faɗa. Kaɗaicin mutum irinsa na rashin abokin hira ne, wanda za su tattauna labaran da suka ji da asuba, su tuna zamanin da jirgin ƙasa yake cika tashar Kaduna, kuma kyanwar da ba ta da abin yi sai motsi kaɗan da take maimaitawa ba ta cike wannan gurbi. Mai hankali yana gane maimaicin cikin ɗan lokaci, yana kuma jin ƙarar injin da ke juya wuyanta idan ɗaki ya yi tsit.

Sai batun da takardar da ke cikin kwalin ba za ta faɗa wa Bahaushe ba. Mage tana da daraja a wurin Musulmi, ba a ɗaukar ta najasa, kuma kowane ɗalibi ya san dalilin laƙabin Sahabi Abu Huraira, don haka ita ce ta dace da ɗakunanmu. Samfurin kare kuwa, duk kyansa, tsofaffi da yawa ba za su yarda a ɗora musu shi a gadon da suke salla kusa da shi ba, ko da an ce na roba ne, ko da yake Kiristocin da ke gidan ba su nuna damuwa da batun ba. Launi ma abin lura ne: akwai mai ja-ja da ratsi, akwai mai ruwan toka, akwai mai baƙi da fari, kuma wanda ya san camfin da ke tattare da baƙar mage a tsakanin tsofaffinmu zai guji ta ƙarshen, domin mai gigin tsufa da ya farka cikin dare ya ga idanu suna buɗewa a gefensa yana iya firgita. Wasu iyalai kuma suna tambaya a kan hukuncin ajiye mutum-mutumi mai cikakkiyar siffa, al'amarin da malamai suke da bayani a kansa, da sassaucin da wasunsu suka yi ga kayan wasa da abin da lalura ta kawo. A ganina a tambayi iyalin tsohon da malamin da suka amince da shi kafin a kai ta ɗakinsa.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta yaudara. Wasu daga cikin tsofaffin suna ɗauka kyanwar mai rai ce, har su ɓoye mata ƙosai a ƙarƙashin matashi, ko su hana kansu barci saboda tana kuka sun zaci yunwa take ji. Tsarin da ma'aikatan gidan suka bi ya gamsar da ni: ba sa cewa mai rai ce, kuma idan aka tambaye su kai tsaye suna faɗin gaskiya cewa ta batir ce, amma ba sa tsayawa gardama da tsohuwar da ta riga ta raɗa mata suna. Makunnin da ke ƙarƙashin cikinta yana da matsayi uku, kunnawa da kashewa da kuma na tsakiya wanda take motsi ba tare da sauti ba, kuma wannan na tsakiyan ne ake amfani da shi da dare da lokutan salla.

A ɓangaren kulawa, yanayinmu yana da nasa sharuɗɗa. Ba a tsoma ta a ruwa saboda injin da ke ciki, ƙurar hunturu kuwa ba ta jin tausayin gashi mai haske, don haka sai an riƙa taje ta da buroshi, ana goge ta da tsumma mai ɗan danshi, ana rufe ta idan ba a amfani da ita. Tun da hannuwa da yawa suke taɓa ta, wasu ma suna sumbatar ta, wajibi ne a wanke hannun tsoho kafin a ba shi da bayan an karɓa, a kuma hana ta zagayawa idan mura ko ciwon ido ko ƙaiƙayi ya shiga gida. Batir huɗu take ci, masu lamba C, wato matsakaita, waɗanda suka fi na agogon bango girma amma ba su kai na tsohuwar tocila ba. Rashin dogaronta da wutar lantarki alheri ne a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, sai dai wannan lamba ba a kowane shagon unguwa ake samunta ba. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ake dacewa, kuma masu arahar ba sa daɗewa, ana gane sun yi sanyi idan motsinta ya fara nauyi muryarta ta dusashe. Wanda ya yi odarta daga waje ya kuma sani cewa idan ta samu matsala, kuɗin mayar da ita zai iya kusantar kuɗin sabuwa.

Ga gidan da yake da masu gigin tsufa ko waɗanda ciwo ya kwantar, guda ɗaya ko biyu sun isa, a ajiye su a hannun masu jinya suna fito da su a lokacin da ake bukata, maimakon a bar wa kowa tasa a kan gado dare da rana har ta zama kamar matashi. Ga ɗa ko 'ya da ke Legas ko Landan da suke tunanin aiko da ita ga mahaifiyar da hankalinta yake garau, kuɗin zai fi amfani idan aka biya wata 'yar uwa ko maƙwabciya da za ta riƙa zama da ita da yamma, aka gyara mata tabarau, aka kai ta a duba kunnenta. Idan kuwa alamun mantuwa sun fara bayyana, a fara kai ta wurin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, domin akwai ruɗewar da ciwon fitsari ko wani magani yake jawowa wadda take warkewa idan an gano ta, sannan a yi maganar kyanwa daga baya.