Zanen ido ko zanen gado: wanne mai koyo zai kama?

Wani ƙanenmu a zauren nan, mai koyon zane a Sakkwato, ya ce malamansa biyu sun raba masa hankali. Ɗaya ya ce mai zane na gaske shi ne wanda zai zana mutum a gane shi nan take. Ɗayan ya ce kwaikwayo ba fasaha ba ce, sai ka fito da abin da ke ranka da abin da ka gada. Yana tambaya wanne zai bi.

Ƙane, gardamar ta girme ka. Aina Onabolu, wanda ya yi karatun zane a Landan da Faris, ya tsaya kan na farko, ya yi suna wajen zana fuskokin mutanen Legas. A 1958 kuwa wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya, suka ce a ɗauki dabarar Turai a haɗa ta da zanen gida. Lura dai, sai da suka iya dabarar kafin suka ja da ita.

Zanen ido, wato zana abu yadda ido ya gan shi, horon awo ne. Idanu suna tsakiyar tsawon kai, amma kusan duk mai koyo yana ɗaga su sama, sai goshi ya tsuke, mutum ya koma wani daban. Tsakanin ido da ido akwai faɗin ido guda. Fatarmu kuma ba a haɗa ta da baƙin fenti, yana kashe fuska ta zama kamar toka. Ka fara da ruwan ƙasa mai duhu, ka ɗiga ja da rawaya inda haske ya sauka, shuɗi kaɗan a inuwa. In fenti mai mai ne, shafin farko ya zama siriri, na sama ya fi shi mai. In ka juya tsarin, zai tsattsage bayan ya bushe. Ga hunturu kuma: fentin yana kwanaki bai bushe ba, ƙura ta manne masa, don haka ka jingina allon fuskarsa na kallon bango. Akirilik, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, ya fi sauƙi a nan, sai dai da zafin Afrilu yana bushewa a kan buroshi tun kana tunani, sai ka ajiye kwalbar fesa ruwa kusa.

Zanen gado yana da tushe mai zurfi a Sakkwato, musamman da yake gidaje da yawa ba sa rataye hoton mai rai. Je ka zauna wajen dukawa ka ga yadda suke tsara ado a kan jar fatar akuya, ko ka duba allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani, launi kaɗan ne amma ba layin da ya kauce. Wanda ya ɗauka wannan hanya ce ta gudun wahala ya yi kuskure. Gwada dagi kawai: ka ɗiga ɗigo a jere da tazara ɗaya, ka ja zaren tsakaninsu, sau ɗaya ya hau, sau ɗaya ya shige ƙasa. Ka ɓata wuri guda, duk ƙullin ya warware a idon mai kallo. Launi uku sun isa. Inda aka fi faɗuwa shi ne a manna dagi a tsakiyar yadi a ce an yi al'ada, alhali babu wani tunani a ciki. Wannan kwalliyar hula ce.

Mu dai a ganinmu, ka ba zanen ido safiyarka, ko da tulu ne da buta da raƙumi a kasuwar kara kake zanawa da fensir, har hannu ya daina yi wa ido ƙarya. Da yamma ka kwafi zayyana ɗaya da tawadar ƙaro, sannan ka sake ta sau biyar, kowane karo ka canza abu ɗaya tak. Ka turo mana ta biyar ɗin mu gani.