Makarantar Majami'ar Salisbury: me iyaye za su samu, me za su bayar

Makarantar Babbar Majami'ar Salisbury da ke kudancin Ingila tana danganta asalinta da shekarar 1091, zamanin Bishop Osmund, tun majami'ar tana kan tudun Old Sarum. A 1947 makarantar ta koma tsohuwar fadar bishop, a gindin hasumiyar majami'ar mai tsayin mita 123. Tana karɓar yara maza da mata daga shekara 3 zuwa 13, na jeka-ka-dawo da na kwana.

Abin da ya kamata iyaye su gane tun farko shi ne makaranta biyu ce a gida ɗaya. Yawancin ɗalibai karatun share fage kawai suke yi kafin sakandare. 'Yan kaɗan ne mawaƙan majami'a, kuma rayuwarsu daban take. Salisbury ta ciri tuta a 1991 da ta kafa rukunin mawaƙa 'yan mata, abin da manyan majami'un Ingila ba su saba ba a lokacin, kuma yau maza da mata suna raba aikin ibada tsakaninsu.

Ana ɗaukar mawaƙi yana ɗan shekara bakwai zuwa tara, bayan gwajin murya. Nan iyaye da yawa ke kuskure: sai su sa yaro ya haddace waƙa mai wuya, ya zo yana kwaikwayon muryar manya, maƙogwaro ya ɗaure. Malamin waƙa ba gwaninta yake nema ba, kunne yake nema. Zai buga sauti a fiyano yaro ya maimaita, ya haɗa sauti biyu ya ce a ware su, ya tafa kiɗa a mayar masa, wataƙila ya ba shi rubutu ya karanta da ƙarfi, domin mai rera Zabura dole idonsa ya riga bakinsa. Waƙa mai sauƙi da yaron ke so ta fi amfani.

Wanda ya ci yakan yi kusan shekara yana ɗan koyo kafin a sa masa farar rigar cikakken mawaƙi. Daga nan sai atisaye da safe kafin aji, darasin kayan kiɗa, da waƙar ibadar yamma sau da dama a mako. Sakamakon a fili yake: ɗan shekara goma sha ɗaya yana karanta rubutun kiɗa da kallo ɗaya, yana rera Latin, yana tsayawa gaban ɗaruruwan mutane ba ɗar.

Sai dai farashin ba kuɗi kaɗai ba ne, ko da yake makaranta ce mai tsada, ragin da ake yi wa mawaƙa kuma ba ya nufin kyauta. Kirsimeti da Ista, lokacin da sauran yara ke gida, su suna bakin aiki. Gajiya kan taru a ƙarshen zango, murya ta dushe, aikin gida ya ja baya. Namiji kuma muryarsa kan fashe wajen shekara 12 ko 13, wani lokaci yana tsakiyar shekararsa ta ƙarshe, kuma hakan na taɓa zuciyar yaro sosai. A tambayi makarantar ƙarara yadda take riƙe irin wannan yaron.

Ga yaron da ke rera waƙa ba a sa shi ba, wurin ya cancanci wahalar. In burin na iyaye ne kawai, gara a sa shi ɗalibi kamar kowa, ya shiga ƙungiyar waƙar makaranta, hutunsa ya zama nasa.