Cincirindon Taurari Ko RR Lyrae?

Ƙura ta lulluɓe tsakiyar Milky Way, gungun taurarin da ranarmu take ciki, shi ya sa daga 2010 zuwa 2023 madubin hangen nesa na VISTA da ke Chile ya yi ta leƙa wurin da hasken infirared, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura. Mai neman tsofaffin dunƙulen taurari a hotunan hanya biyu gare shi.

Ko ya duba inda taurari suka yi cincirindo. Akwai sauri, akwai ruɗi: wasu a ido kawai suka haɗu, kowa da nisansa.

Ko ya bi taurarin RR Lyrae, masu ƙara haske su dushe cikin ƙasa da kwana ɗaya. Sun haura shekara biliyan 10, kuma saurin bugawarsu na tona ainihin haskensu, daga nan a lissafa nisa. In an same su jingim a nisa ɗaya, magana ta yi ƙarfi. Na fi yarda da wannan, ko da yake sai an yi ta maimaita hoto, kuma wasu dunƙulen kusan ba su da irinsu.